Abin da batirin injin haƙori ya koya mini

Aikina gyaran ƙananan kayan asibiti ne a cikin garin Katsina, kuma cikin abin da ake yawan kawo mini akwai ƙaramin injin nan marar waya da likitocin haƙori ke wanke jijiyar haƙori da shi. Kusan kullum ƙorafin ɗaya ne: ba ya riƙe caji, ko ya mutu ana tsakiyar aiki. Canjin batir ba ya cin minti goma. Abin da ya ɗauke ni lokaci kafin in gane shi ne girman batir ba ya gaya maka ko wane iri ne.

Wasu injinan suna ɗaukar batir biyu masu girman AAA, wato girman na rimot, irin NiMH da ake cajinsu, kowanne 1.2V. A kasuwa kuma akwai wani mai suna 10440 da ke shiga ramin daidai, amma na litiyam ne, 3.7V, in ya cika caji ya kai 4.2V. Ka sa biyu, ka tura wa allon lantarkin cikin injin wuta kusan ninki uku na abin da aka gina shi a kai. Akwai kuma batirin rimot na yau da kullum, 1.5V, wanda sam ba a cajinsa. Injin zai tashi da shi, kowa ya yi murna, sai a ɗora shi kan caja da yamma, batirin ya yi zafi ya yoyo, ruwansa ya cinye ƙarafan ciki. Cajar ma an yi ta ne don iri ɗaya. Yadda take gane NiMH ya cika daban yake da yadda ake tsayar da cajin litiyam. Don haka kafin in taɓa sukurudireba nake karanta rubutun jikin tsohon batirin da na takardar kamfanin.

Yarona na shago yakan ce, "Oga, ai wannan ya fi ƙarfi, dubi lambarsa." Yana nufin adadin mAh, wato yawan cajin da batir ke iya ɗauka. Nakan nuna masa batirin litiyam mai suna 18650 da aka rubuta wa 9900mAh, alhali na gaske daga manyan kamfanoni ba su cika wuce 3500 ba. Lambar da ta wuce hankali ita ce shaidar farko ta jabu. Kuma in biyu ne a ciki, biyun ake canjawa tare, iri ɗaya, daga kwali ɗaya. Tsoho da sabo in suka haɗu, mai raunin ne ke fara ƙarewa, ɗan'uwansa kuma ya ci gaba da tura masa wuta a baibai har ya lalace.

Injinan da ke da ƙunshin litiyam sun fi buƙatar hankali. Ƙaramin allon da ke manne da batirin shi ne ke yanke wuta in caji ya yi yawa ko in waya ta haɗu, wayar batirin ta uku kuma, bayan ta + da ta −, a yawancinsu ta auna zafi ce. Ina ganin injinan da aka cire musu wannan allo aka haɗa kai tsaye da dalma, kuma abin yana ɓata mini rai. Zafin ƙarfen dalma a kan batirin yana iya narkar da siririn shingen da ke raba ɓangarorin cikinsa, illar kuma ba ta fitowa ran nan. Injin nan abu ne da ake riƙewa daf da fuskar mutum yana kwance baki buɗe. Gwamma in ce wa likita, "Dokta, a yi haƙuri har na asali ya iso daga Kano ko Legas," ko da ransa bai so ba.

Zafin garinmu ma yana da nasa kason. A watan Afirilu da Mayu yakan haura digiri 40, alhali yawancin batiran litiyam ba a so a caje su sama da 45. Caja a bakin taga, ko inji a cikin motar da ta wuni a rana, ya isa ya rage wa batir kwana. Wanda ya kumbura ba a matsa shi, ba a huda shi, ba a sake cajinsa. Kuma kan injin kaɗai ke shiga tukunyar tururin kashe ƙwayoyin cuta mai digiri 134, jikin da ke ɗauke da batir sai dai a goge shi.

Bayan na canja, nakan duba alamar + da −, in tabbata ba waya da murfi ya danne kuma robar bakin murfin ta zauna, in cika caji, sannan in gwada ko injin yana juyawa baya da kansa in allurar da yake juyawa cikin haƙori ta cije. Allurar nan siririya ce, in ta karye cikin jijiya aikin likita ya ƙaru ƙwarai.

Tsoffin batiran ba na barin su a kwandon asibiti. Sharar unguwanninmu ƙona ta ake yi, yara 'yan jari-bola kuma suna tonon ta da hannu. Nakan liƙe kawunan kowanne da salatif, in ajiye su cikin gwangwani mai yashi a inuwa, nesa da janareta da jarkar fetur.