Godiya ga Katsinawa, da duk wanda ya tsaya mana

Alhamdulillahi. Jiya bayan la'asar aka sallame mu, ƙanina ya kwana a ɗakin Inna karo na farko cikin kwana 26. Da sanda yake takawa, likita kuma ya ce ƙarfen da aka sa masa a cinya zai daɗe a ciki, amma da bakinsa ya yi sallama da muka shiga gida. Ni kuwa ina idar da isha'i na kife a tabarma, ban san inda kaina yake ba sai da aka tada sallar asuba. Waɗanda suka yi ta kira ba su same ni ba, a yi mini afuwa.

Ba sai na sake ba da labarin haɗarin da motarmu ta magoya bayan Kano Pillars ta yi muna dawowa daga kallon wasa a Katsina ba, kun ga hotunanta a gefen titi tsakanin Charanchi da Kankiya, kun kuma san yadda aka juyo da mu Katsina cikin dare. Abu ɗaya ne bai fita daga raina ba, shi nake so in rubuta kafin gajiya ta cinye shi.

Wajen ƙarfe ɗaya na dare ma'aikaciyar jinya ta fito ta ce saifar ƙanina ta fashe, yana zubar da jini ta ciki, ba za a shiga tiyata ba sai an tanadi jini. Rukunin jininsa irin mai wahalar samun nan ne. Aka gwada nawa bai yi ba. 'Yan motarmu da suka tsira da ƙafafunsu duk suka miƙa hannu, babu wanda ya dace. Ina zaune a dakalin bakin ɗakin, rigar Pillars ce a jikina, rawayar nan duk ta rine da jini da ƙasa, sai na ji ƙarar babura a bakin ƙofa. Na leƙa. Matasa ne magoya bayan Katsina United sun kusa ashirin, a gabansu dattijon nan mai kalangu da ya wuni yana yi mana habaici a filin Muhammadu Dikko.

Zan faɗi gaskiya ko da za a yi mini dariya: tuɓe rigar na yi na cusa ta ƙarƙashin benci. Cikina ya ɗuri ruwa. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, kuma duk ɗan Pillars, Sai Masu Gida, ya san kazar da ke aljihunmu. A watan Afrilun 2022 aka tashi wasanmu da su ba a gama ba a filin Sani Abacha, aka farfasa musu mota a garinmu. Ban ɗaga dutse ba ranar, amma ina wurin, ban kuma hana kowa ba.

Dattijon ya zo ya tsaya a kaina, ya dube ni daga ni sai singileti ina rawar sanyi. Ya cire rigar sanyinsa ya yafa mini. Ya ce, "Yaro, ɗauko rigarka, ba a ɓoye ta a nan. Ina mai neman jinin?"

Suka yi layi a ƙofar ɗakin gwaji kamar masu sayen tikiti. Mutum uku suka dace. Na ƙarshensu wani siririn yaro ne mai gyaran waya, har sai da aka ɗora shi a sikeli aka yi ta shawara ko nauyinsa ya kai. Da ya fito yana danne da auduga a hannu, na rasa abin da zan ce masa, sai hawaye. Shi ne ma ya yi ta ba ni baki. Wai, "Yaya, ka daina kuka, in ya tashi ka gaya masa yanzu rabinsa ɗan Katsina United ne." Na yi dariya ina share majina, a daidai lokacin da ake tura ƙanina ɗakin tiyata.

Daga baya na ji yadda aka yi suka sani. Ashe shugabannin magoya baya suna riƙe da lambobin juna, mu da ke sama muna ihu ne ba mu sani ba. Kafin kowane wasa mai zuwa yakan kira mai masauki: mota nawa za ta zo, ta wace ƙofa za a shiga, ina za a zauna. Shugabanmu yana asibitin da karyayyen hannu, da hagu ya lalubi lambar nasu, kira ɗaya ya yi. Ni da na sha cewa a gidan kallo wannan hulɗa munafunci ce, ga shi na janye maganata a gaban kowa. Dama in an duba, tare muka faɗa rukuni na biyu a 2022, tare muka hauro a 2023. Mu da muka ɗauki kofin lig sau 4 da su da muke yi wa gori, rami ɗaya muka kwana.

Baba mai kalangu ya ce kada in kuskura in ambace shi. Ka yi haƙuri Baba, ban faɗi suna ba, amma duk wanda ya taɓa shiga Karkanda, wato filin Muhammadu Dikko, ya gane ka. Kwana tara muka yi a Katsina kafin a mayar da mu Kano, kullum da safe sai kunu da ƙosai sun iso daga gidanka, da dare tuwo a kwanon sha mai murfi. Allah Ya saka wa Hajiya da alheri, ba ta taɓa ganin fuskarmu ba. Ana cewa ta Dikko ɗakin kara, da a baki nake jin sa.

Yaran nan uku, Allah Ya mayar muku da abin da kuka bayar ninkin ba ninkin, Ya tsare ku da iyayenku daga kwanan asibiti, Ya sa ku gama da duniya lafiya. Likitan da ya yi aikin da ma'aikatan jinyar dare, Allah Ya yi wa zuri'arku albarka. Direban tirelar da ya tsaya ya haska mana fitila har aka gama ciro mutane, ban san ko daga ina kake ba, Allah Ya san ka, Ya kai ka gida lafiya duk inda ka nufa.

'Yan gidan kallonmu kuma, ban taɓa zaton zan ga ɗan Madrid da ɗan Barcelona sun riƙe kwali ɗaya suna zagaya unguwa ba. Kuɗin da kuka tara shi ya sayi ƙarfen. Magoya bayan Wikki da na El-Kanemi da suka turo nasu ta hannun shugabanmu, saƙo ya iso. Allah Ya bar zumunci, Ya raba mu da sharrin hanya da sharrin zuciya, Ya ba sauran waɗanda ke kwance lafiya, amin.

Dangi na kusa da na nesa, mun gode da addu'a. Na san kowa da uzurinsa, kuma mota ta yi tsada. Waɗanda suka aiko a gaya wa Inna cewa dama sun sha faɗa a raba yaron nan da bin ƙwallo, shi ma saƙonku ya iso, a daren da aka yi masa aiki ta same shi. Daga Kano zuwa Katsina dai ba a kwana a hanya. Ba komai.

Masu son zuwa dubiya, don Allah a bari sai bayan la'asar, da safe yake samun barci. Rigar sanyin Baba tana nan an wanke an goge. Na ce zan ba direba ya kai masa, ƙanina ya ce a ajiye, shi zai kai da kansa ranar da ya yar da sanda.