Hoton tauraron ɗan'adam a gaban alƙali

Ambaliyar da ta auka wa jihar Kebbi a daminar 2020 ta cinye shinkafa, ta kuma shafe iyakokin gonaki. A fadamar ƙauyenmu da ke ƙasar Argungu ruwa ya yi makonni a kwance, da ya janye aka tarar kunyoyin iyaka sun baje, yashi ya binne jemar da kakanni suka dasa tsakanin gona da gona. Kawuna da maƙwabcinsa, mutanen da suka shekara talatin suna shan fura a inuwa ɗaya, suka wayi gari kowa yana nuna iyakarsa a wuri dabam. Daga cikin dattawa ukun da suka shaidi rabon gonar, biyu sun riga mu gidan gaskiya, na ukun kuma idonsa ya yi rauni.

Da na ji ana maganar zuwa kotu, sai na buɗe Google Earth, manhajar da ke nuna hotunan ƙasa da tauraron ɗan'adam ya ɗauka, a kwamfuta, na koma tsofaffin hotunan wurin, har na dace da wani da aka ɗauka da rani kafin ambaliyar. Ga giginyar kusurwar gabas da inuwarta, ga layin jemar ya miƙe siriri har bakin gulbi. Kawu ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗan nan, giginyar dai ita ce, amma wa zai tabbatar wa alƙali cewa ba kai ka zana hoton ba?"

Tambayar da doka ke yi ke nan. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda a karɓi abin da kwamfuta ta fitar, amma sai an nuna cewa na'urar tana aiki daidai, tare da takardar tabbaci mai sa hannun wanda ke da alhakin kula da ita, wadda ta bayyana yadda aka samar da bayanin. A shari'ar Kubor da Dickson kan zaɓen gwamnan Bayelsa, Kotun Ƙoli ta yi watsi da takardun da aka buga daga intanet saboda ba a cika wannan sharaɗi ba. Ina ganin tsaurin ya dace, domin a zamanin da yaro zai iya sauya hoto a wayarsa, bai kamata a raba mutum da gadonsa a kan hoton da ba a san ranar ɗaukarsa ba.

Inda aka bi ƙa'ida kuwa, hoton ya yi aiki. A 2016 Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ta ɗaure Ahmad al-Faqi al-Mahdi shekara 9 saboda rushe hubbaren waliyyai a Timbuktu, kuma hotunan sama na kafin rusau da na bayansa suna cikin hujjojin masu ƙara. A gida ma, ƙungiyar Human Rights Watch ta yi amfani da irinsu a 2013 ta ƙirga gine-gine 2,275 da aka ƙona a Baga.

Sai dai hoto yana da iyakarsa. Na tauraron Sentinel-2, wanda Turai ke bayarwa kyauta, kowane ɗigo a cikinsa fili ne mai mita 10 tsawo da faɗi, don haka zai nuna burtalin da aka nome ko dajin da aka sare, amma kunyar da ba ta wuce taku ɗaya ba ta fi ƙarfinsa. Gajimaren damina da hazon hunturu suna rufe masa ido. Abin da ya fi muhimmanci shi ne, hoto yana nuna inda aka noma ne kawai, ba ya faɗin ko gonar gado ce, ko aro, ko jingina, kuma a fadamominmu yawancin rigima a nan take. Wannan sai bakin shaidu, sai ƙa'idar da alƙalanmu suka saba da ita, cewa hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa kan wanda ya musa.

Abin da ke damuna shi ne talaka ba shi da hanyar samun hoton da kotu za ta karɓa. Hukumar binciken sararin samaniya ta Najeriya, NASRDA, tana nan tun 1999, ta harba tauraron NigeriaSat-1 a 2003 da NigeriaSat-2 a 2011, saboda haka ya kamata ofishin safiyo na jiha ya haɗa kai da ita, ya zama manomi zai iya neman hoto mai kwanan wata da hatimi a kan kuɗi kaɗan, tare da ma'aikacin da zai tsaya ya yi wa alƙali bayani da Hausa.

Namu rikicin bai kai kotu ba. A zauren hakimi hoton ya zaga hannu zuwa hannu, maƙwabcin Kawu ya gane giginyar da kansa, dattijon nan mai raunin ido ya tuna cewa daga gindinta aka fara awo ranar rabo. Washegari aka ja igiya daga giginyar zuwa bakin gulbi, aka dasa sabuwar jema a kan layin.