Yajin tsire ya kama jikin yalo a ƙarshe

'Yan'uwa masu fama da gashin kayan lambu, yau kam sai hamdala. Yaji ya zauna a jikin yalo daram, ba ƙuna, ba ɗaci, ba wannan caɓin da ya yi ta ɓata min rai tun farkon wata.

Ƙanena ne ya ja min wannan aiki. Abokan aikinsa za su zo mana nan Garwa, kuma a cikinsu akwai waɗanda ba sa cin duk abin da ya fito daga dabba: ba nama, ba kifi, ba ƙwai, ba nono, har zuma sun yafe. A garin da ake gasa karfasar Binuwai kowane dare! Na ce to, ba za a ba su latas kawai a ce an yi gashi ba.

Masara da albasa ba su ba ni wahala ba. Albasar Marwa a raba ta huɗu da gindinta, ta yi zaƙi da kanta. Tattasai ma haka. Yalo ne ya tsaya min a wuya.

Abin da ke faruwa shi ne, nama yana tsatso kitse in ya ji wuta, kitsen ya jiƙa garin ƙuli-ƙuli ya manne shi. Yalo kuwa kusan kashi 90 cikin 100 ruwa ne. In aka barbaɗa masa yaji tun yana ɗanye, sai ruwan ya fito ya mayar da garin kunu, ya zube cikin garwashi. Wanda ya rage a jiki kuma ya babbake, don ƙuli-ƙuli ai soyayye ne tun asali, ba ya jure wuta ta biyu mai tsawo. Waje baƙi ƙirin, ciki ɗanye shar. Na ƙara mai, ya shanye. Na rage wuta, ya yi yaushi ya ƙi nuna. Har na fara tunanin in haƙura in yi musu fate.

A wajen mai tsiren unguwarmu na ga mafita. Ku duba tukubarsa da kyau: tsinkayen a gefen wuta suke kafe, suna kewaye da ita, ba a kanta ba. Sai na tura garwashi gefe guda na murhu. Na yanka yalon kaurin ɗan yatsa, na zuba gishiri, na bar shi minti 30 a matsami ya zubar da ruwa, na goge da tsumma. Mai ɗan kaɗan da hannu, sai kan wuta mai ƙarfi har ya yi zane, sannan gefen da ba garwashi ya ƙarasa nuna a hankali. Yaji sai a ƙarshe: a sake shafa mai, a barbaɗa, minti 2 kacal, a sauke a naɗe cikin takarda ya huce. Turirin nan na cikin takarda shi ke ƙarasa manne shi.

Yajin da kaina na daka, don na kasuwa da dunƙule a ciki, wani dunƙulen kuma da ɗanɗanon kaza ko jatan lande. Ƙuli-ƙuli, citta, barkono, kimba, masoro, gishiri, sai daddawar kalwa ɗan mitsitsi a madadin dunƙule. Man shanu ma babu shi a lissafi, man gyaɗa na yi da shi. Na gwada man angurya, Diamaor ɗin nan namu, yana jure wuta sosai, amma ƙamshin bai kai ba.

Inda aljihu ya ji jiki shi ne ragar gashi. Tsohuwar ta sha kitsen rago shekara da shekaru, dole na sayi sabuwa, da ita da gawayin gwaji sun lashe min sefa 6,000.

Saura kuɓewa. Ƙanana na zaɓa, ban yanke kan ba, na soka su a tsinke biyu don kada su riƙa juyawa, yauƙi bai fito ba. Amma yajin ya ƙi kama ta sam. Wanda ya iya, don Allah ya taimaka kafin Asabar.