Yadda ruku'u da sujada suka zaɓa mini bindiga a Houston

Sana'ata a Houston sayen motocin hannu ce. In gyara mai buƙatar gyara, in loda wasu a jirgin ruwa zuwa Legas ko Kwatano, sauran in sayar a nan. Sana'a ce da ke haɗa ka da mutumin da ba ka taɓa gani ba, a bakin wani kanti, bayan magariba, ga kuɗi a aljihu. Na shekara tara ina yi ban taɓa tunanin riƙe makami ba, sai da aka ritsa wani abokin sana'ata da bindiga, aka karɓe mota da kuɗi da waya, aka bar shi a tsaye da makullin gidansa kaɗai. Allah Ya yi da sauran kwana, ba su harbe shi ba.

Ni ɗan Kano ne. Bindigar da na sani tun ina yaro ita ce harba-ka-ruga ta mafarauta, sai kuma ta 'yan sanda. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sa fistol cikin makaman da aka haramta wa farar hula, sai da izinin shugaban ƙasa. Saboda haka duk abin da zan faɗa a nan labarin Texas ne, kada wani a gida ya ɗauka shawara nake ba shi.

Da na kawo maganar a gida, uwargida ta yi shiru har sai da na fara jin kunya.

"Maigida, yara uku ne fa a gidan nan, kuma ka san ƙaramin ba abin da hannunsa ba ya kaiwa."

"Na sani, Hajiya."

"To akwatin ƙarfe mai makulli ya riga bindigar shigowa. In ba haka ba, ni da ita ba za mu kwana ɗaki ɗaya ba."

Haka aka yi. Daga baya ma na gano dokar jihar tana bayanta, don laifi ne ka bar bindiga mai harsashi inda yaro ɗan ƙasa da shekara 17 zai iya ɗauka.

Tun ranar 1 ga Satumba, 2021, wanda ya kai shekara 21 kuma doka ba ta hana shi mallakar bindiga ba yana iya ɗaukar fistol a Texas ba tare da lasisi ba. Duk da haka na je na yi lasisin. Baƙo ne ni, baƙar fata, da harshen da ana ji an san ba a nan aka haife ni ba. Ina son in ɗan sanda ya tsayar da ni, akwai katin da zai yi magana kafin bakina. Aji ne na awa huɗu zuwa shida a kan doka, sai dangwala yatsu, sai dala 40 ga hukumar tsaron jama'a ta jihar, sai jarrabawar harbi: harsashi 50, daga yadi 3, yadi 7 da yadi 15, ana son maki 175 cikin 250. Na ci da bindigar haya mai harsashin milimita 9, kuma na ci da kyau. Da ina da wayo, da a nan na tsaya.

Amma Bahaushe ya ce in za ka sha giya, sha ta dubu. Na ƙudurta cewa in dai zan ɗauka, to babba zan ɗauka, mai harsashin .45, wato wanda faɗinsa ya kusa rabin inci. Ka ɗora shi a tafin hannu kusa da na milimita 9 ka ga bambanci: kan harsashin .45 da aka saba yana da nauyin kusan giram 15, na milimita 9 kuwa giram bakwai da rabi zuwa tara da rabi. Sai kuma tarihi ya ƙara ruɗa ni. Samfurin 1911, wanda John Browning ya ƙera, shi sojan Amurka suka riƙe tun daga 1911 har 1985, ya ga yaƙin duniya na ɗaya da na biyu. Na ga wata a kanti, baƙin ƙarfe zalla, hancinta inci biyar, ƙotarta katako mai zane. Na ɗaga ta na ji kamar an naɗa ni sarauta. Na cike takardar gwamnatin tarayya mai lamba 4473, na biya, na fito.

A filin koyon harbi ba ta da makusa. Nauyinta ne ke shanye shurinta, kunamarta kuma taushi gare ta, kana taɓawa ta tashi. Matsalar ita ce filin harbi awa ɗaya ne a mako, ɗauka kuwa awa goma sha biyu ce kullum. Ba harsashi ma ta haura kilo ɗaya. Ka zuba bakwai a gidan harsashi, ɗaya a ciki, ka rataya wannan a ƙugu tun safe, kana shiga mota kana fita, kana leƙa ƙarƙashin inji.

Kuben farko da na saya na yadi ne mai laushi, wanda aka rubuta wai yana shiga kowace bindiga. Araha ba ta ado. Na soke shi cikin wando a kan bel ɗin da nake zuwa biki da shi. Kafin azahar wandon ya karkace gefe guda, ina tafiya ina jan shi sama kamar yaron da aka ɗinka wa kayan salla da girma. Mafi muni, in na zare bindigar sai bakin kuben ya rufe, mayar da ita sai da hannu biyu, kana buɗe baki da yatsun hagu alhali hancin bindiga na kallon su. Malamin da ya koya mini harbi, wani tsohon soja, da ya gani bai yi dogon bayani ba. Ya ce kube aikinsa uku: ya rufe kunama ruf da abu mai tauri, ya riƙe bindiga ko an juya ka a kife, bakinsa kuma ya zauna a buɗe bayan an zare. Wanda ya rasa ɗaya daga ciki, jaka ce kawai. Ya ƙara da cewa bel ɗina ma na ado ne, in nemi mai kauri wanda ba ya lanƙwasa, don shi ke ɗauke da nauyin, ba kuben ba.

Na sayi bel, na sayi kuben fata na gaske, na sa shi a bayan ƙashin ƙugu na dama, wurin da masu abin ke kira ƙarfe huɗu, wato in ka ɗauki cibiya a matsayin sha biyu na agogo. A tsaye lafiya lau. Sai zafin Houston ya shigo da nasa. Garin nan daga Mayu zuwa Satumba gumi ne kamar Legas, fata kuwa tana shan gumi ta riƙe. Mako uku na ga ɗigon tsatsa a gefen da ke manne da jikina.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan abin da salla ta nuna mini, kuma shi ne abin da babu wani bidiyon Bature da zai gaya maka. Mutumin da ke salla biyar yana lanƙwasa jikinsa ta hanyoyin da mai ƙera kube bai yi lissafi da su ba. Ran farko da na yi la'asar a gareji da 1911 a ƙugu, ina yin ruku'u sai na ji rigata ta hau, ƙotar ta turo ta baya kamar wutsiya. Yaron da ke taya ni aiki, ɗan Nijar ne daga Maraɗi, bayan mun sallame ya ce, "Alhaji, abin naka fa ana gani." Ɓoyayyen abu ke nan da na kashe wa kuɗi.

Sai na koma gaba, tsakanin cibiya da ƙashin ƙugu, da kuben roba mai tauri da ake kira Kydex, wanda ake gasawa daidai da siffar bindiga ɗaya tak. A nan ruku'u ba ya tona asiri, zarewa ma ta fi sauri, ko kana zaune a mota. Amma hanci mai inci biyar da tumbin ɗan shekara arba'in da shida ba sa zama wuri ɗaya. A sujada ƙota ta soki haƙarƙari, a zaman tahiya hanci ya soki cinya. Na kama kaina ina gaggauta tahiya don in miƙe, kuma a ranar na san akwai gyara. Abin da ya sa ka rage natsuwa a salla ya riga ya ci maka wani abu, ko da bai taɓa tashi ba.

Ga kuma kayan Juma'a. Wandonmu na kaftani tazuge ne da shi, ba ya ɗaukar bel, igiya kuwa ba za ta riƙe kilo ɗaya ba. Babbar riga za ta ɓoye ko tukunya, amma kafin ka tattare ta ka kai hannu ƙugu an gama abin da za a yi. Na kira telana a Kano na ce ya yi wa wanduna maratayin bel mai faɗin inci ɗaya da rabi, ya kuma bar aljihun kaftani na dama a fafe ta ciki. Ya ce, "Alhaji, wane sabon yayi ne wannan kuma?" Na ce na Amurka ne. Ya yi, kuma ɗinkin ya yi kyau, sai dai a ƙarshe ban cika amfani da shi a masallaci ba. Dokar Texas ta bar wa kowane wurin ibada ya yanke wa kansa, namu kuma kwamiti ya ce masu tsaron da aka naɗa kaɗai za su shiga da makami. Ban yi musu ba. Akwai hadisi a Buhari da Muslim da ke umartar wanda ya ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani Musulmi, ni kuwa na riga na lura cewa bindigar da ke bayan ƙugu, in ka yi sujada, hancinta sahun baya yake kallo. Yanzu ina kulle ta a ƙaramin akwatin ƙarfe da ke ɗaure da waya a ƙarƙashin kujerar mota. Ba na son haka, don fasa mota a saci bindiga ba baƙon abu ba ne a garin nan, amma shi ne dama-dama. Akwatin nan kuma shi ke karɓar ta in zan shiga gidan waya, kotu, makarantar yara, ko kantin da ya manna allon 30.06 a ƙofa, wato sanarwar hana mai lasisi shiga da ɓoyayyiyar bindiga.

Bayan wata bakwai na lura 1911 ta fi kwana a akwatin gida fiye da ƙuguna. Kullum da dalili: yau zafi, yau tafiyar kusa ce. Na koma filin harbi na yi abin da ya kamata in yi tun farko, na yi hayar bindigogi ina gwadawa. Glock 30 tana cin harsashi goma na .45, na ji daɗin harbinta, amma ƙotarta ta cika mini hannu, kuma kauri shi ke turo riga fiye da tsawon hanci. Na tsaya a kan M&P Shield ta .45 ta kamfanin Smith & Wesson: kaurinta kusan inci ɗaya, hancinta inci uku da ɗan ɗori, nauyinta bai kai giram 700 ba, tana cin shida ko bakwai ban da na ciki. Na je gida da ita da kuben Kydex nata, na cire harsashi, na duba sau biyu, na yi raka'a biyu na gwaji a ɗaki kafin in yarda. Ba ta soke ni ba.

Ba kyauta ta zo ba. Abin da nauyi ke shanyewa a babbar, yanzu hannuna ke sha. Bayan harsashi hamsin tsintsiyar hannuna tana gaya mini, harbi na biyu kuma yana ɗaukar lokaci kafin saiti ya dawo. Harsashin .45 ya fi tsada, wanda ke nufin atisaye ya fi ƙaranci in ba ka matsa wa kanka ba. In ka tambaye ni tsakani da Allah, da milimita 9 na saya da na huta. Hukumar FBI ma ta yi wannan zagayen: bayan musayar wutar Miami ta 1986 da aka kashe jami'anta biyu, ta bar milimita 9 ta koma milimita 10, daga nan .40, sannan bayan shekaru ta dawo milimita 9 ɗin, saboda harsasan zamani sun inganta kuma jami'ai sun fi samun abin da suka auna da shi. Ni dai na riga na saba da .45, ina da tarin harsashinta, girman kai kuma bai gama sakina ba.

Abu biyu na mayar al'ada. Mayar da bindiga kube ba a yi masa sauri: in duba da ido, in janye riga, in tabbatar ba igiya ko gefen singileti a bakin kuben, don a gaba take, hancinta na kallon cinya inda babbar jijiya ta bi. In zan cire ta a gida ko a mota, da kuben gaba ɗaya nake cirewa, kunama a rufe. Na biyu, tsayarwar 'yan sanda. Ban manta da Philando Castile ba, wanda ɗan sanda ya harbe a motarsa a Minnesota a 2016 bayan ya faɗa da bakinsa cewa yana ɗauke da bindiga, kuma yana da izini. Sau ɗaya aka tsayar da ni tun da na fara ɗauka, a kan fitilar baya. Na sauke gilashi, na kunna fitilar ciki, na ɗora hannu biyu a sitiyari, katunan biyu, lasisin tuƙi da na bindiga, dama suna saman gilashi ba a aljihun wando ba. Na gaya masa inda take, ban motsa ba sai da ya ce. Ya duba, ya ce in gyara fitila, ya tafi. Na yi minti biyar a wurin kafin ƙafata ta daina rawa.

Shekara biyu ke nan ban taɓa zare ta a kan mutum ba, Allah kuma kada Ya kawo ranar. Abin da ya canza shi ne cinikin dare na daina, masu sayen mota yanzu a harabar ofishin 'yan sanda nake ce musu mu haɗu, da rana. Wanda ya ƙi zuwa, na san abin da ya kawo shi. Kube biyar na nan a durowa, uwargida na kiran su jarin da ya karye, 1911 kuwa tana akwati, ina shafa mata mai duk wata.