Saƙon Goggo a Kasuwar Sakkwato

Biki ne ya kai ni Sakkwato, amma saƙon Goggo ne ya cinye mini wuni guda. Mun bar Kano da asuba, muka bi ta Funtuwa, Gusau da Talatar Mafara, ba mu shiga gari ba sai bayan la'asar, ƙurar hunturu ta yi mana fari fat har gira.

Saƙon ba wani babba ba ne: kirfa. Goggo ba ta karya kumallo sai da ruwan kirfa da zuma, wai tana kwantar mata da suga, tana kuma korar sanyi. Ko an gaya mata akwai kirfa a Kurmi, ita dai ta Sakkwato take so.

Washegari, bayan na ziyarci Hubbaren Shehu, na hau kabu-kabu zuwa babbar kasuwa. Hanci ne ya kai ni layin masu kayan ƙamshi: citta, kanumfari, masoro, kimba, kowanne a tasarsa. Wani dattijo ya ɗago kai.

"Ɗana, mi kaka biɗa?"

"Kirfa, Baba."

"Wace iri?"

Nan na yi turus, don ban taɓa sanin iri-iri ce ba. Ya ɗora mini guda biyu a tafin hannu. Ɗaya ja ce mai duhu, ɓawo ɗaya mai kauri da ya nannaɗe, sai da na sa ƙarfi ta karye. Ɗayar fara-fara ce, siraran ɓawo a naɗe cikin juna kamar tabarma, ina murzawa ta marmashe. Mai kaurin ta ciji harshena, siririyar kuwa ƙamshi ne da ɗan zaƙi a hankali. Mai kauri, in ji shi, ita masu shayi da masu zoɓo ke ɗiba saboda araha. Siririyar sai masu dafa shinkafar Larabawa da waɗanda suka san ta.

A masauki na yi ɗan bincike. Ashe ba itace ɗaya ba ne. Siririyar daga Siri Lanka take, mai kaurin kuma daga Sin, Indunusiya da Biyetnam. Sunan ma daga Larabci muka aro shi, kuma fataken Larabawa sun daɗe suna ɓoye wa Turawa inda take fitowa. Misirawan dā har gawa suke shiryawa da ita. Saboda wannan ɓawon Turawan Fotugal suka kafa ƙafa a tsibirin Siri Lanka, 'yan Holan suka kore su a 1658, Ingila ta karɓe a 1796. Abin da ya fi tsaya mini shi ne mai kaurin tana ɗauke da sinadarin kumarin da yawa, wanda yawan shansa kan taɓa hanta. Ga Goggo kuwa kullum sai ta sha.

Na koma wurin Baba da safe na sayi siririyar, duk da tsadarta, ya yi mini gyara da kanumfari.

Da na dawo gida Goggo ta kwance ƙullin, ta shinshina, ta gutsira, ta dube ni.

"Wannan ai ba ta da ƙarfi. Sun ga baƙo sun cuce ka."

Ta aiki jikanta ya sayo mata ja mai kaurin a bakin titi.