Abin da Na Koya Game da Iblis a Shekara Biyu na Koyon Hidima a Agege

Da na gama karatun tauhidi a Jos, aka tura ni Legas domin in yi shekara biyu ina koyon aiki a ƙarƙashin wani tsohon Fasto da muke kira Baba, a wata ƙaramar ikilisiya ta masu jin Hausa a Agege. Yawancin jama'armu masu gadi ne da 'yan acaɓa da masu aiki a kwatar Oko-Oba da iyalan sojoji, wasu daga Kano da Katsina waɗanda kakanninsu Maguzawa ne, wasu daga Kudancin Kaduna da Filato da Adamawa, Hausa kuwa ita ce ta haɗa mu duka. Na iso ina ganin na san Iblis sarai, tunda na ci jarrabawa a kansa. Mun karanta Byang Kato, masanin tauhidi mutumin Kwoi wanda ya rasu a 1975, wanda ya nuna cewa Littafi Mai Tsarki bai ɗauki miyagun ruhohi a matsayin tatsuniya ba, kuma har yau ban sauya ra'ayi a kan wannan ba. Abin da ban sani ba shi ne yadda ake gane aikinsa idan an zo gaban mutum mai rai da yake kuka.

Legas gari ne da ake yaƙi da Iblis da babbar murya. A Yaba aka kafa cocin Mountain of Fire a 1989, kuma duk wanda ya bi babbar hanyar Legas zuwa Ibadan ya ga sansanonin addu'a inda dubban mutane suke kwana suna roƙo. Jama'armu suna jin wannan, suna gani a waya, suna kuma so a yi musu irinsa da Hausa. Ni ma, in faɗi gaskiya, jinina ya fi karkata can.

A watana na uku aka kawo mana matar wani maigadi, wadda takan faɗi ba zato ta sandare, kumfa na fita daga bakinta. Mijin ya riga ya yanke hukunci cewa iskokin gidansu ne suka biyo ta, domin kakarta 'yar bori ce. Na miƙe zan fara tsawatawa, sai Baba ya ɗora hannu a kafaɗata ya ce, "Ɗana, zauna tukuna." Ya tambayi matar tun yaushe abin ya fara, ko ta taɓa buguwa a kai, ko yakan zo mata cikin barci. Sa'an nan ya sa na buɗe Matiyu 4:24 na karanta da ƙarfi, inda aka lissafta waɗanda aka kawo wa Yesu, aka ambaci masu aljanu daban, masu farfaɗiya daban, shanyayyu daban. Mun yi mata addu'a sosai a daren, washegari kuma ni da kaina na raka su asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya da ke Yaba, aka ɗora ta a kan magani. Faɗuwar ta ragu ƙwarai. Baba bai taɓa cewa ba ruwan Iblis da wahalarta ba; cewa ya yi tsoron da ya hana mijin cin abincin da ta dafa har wata huɗu, shi ne inda maƙiyin ya fi samun wurin zama a gidan.

Na kuma ga inda Baba bai yi sassauci ko kaɗan ba. Bayan da gwamnatin jihar ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida a watan Yuni na 2022, samarinmu da dama suka rasa abin yi, wasu suka koma wa bokaye neman sa'a. Wani ya zo da guru a ƙugunsa da laya ɗinke cikin jar fata, ya ce ya kasa barci tun ranar da ya ɗaura su, yana kuma tsoron cirewa domin an gaya masa ranar da ya cire ranar zai mutu. Baba bai fizge su ba. Sati uku suka yi suna zama da yamma a bayan majami'a suna karanta Ayyukan Manzanni 19, labarin 'ya'ya bakwai na wani babban firist waɗanda suka ari sunan Yesu kamar laƙani suka sha dūka, da mutanen Afisa waɗanda suka ƙone littattafan sihirinsu na kuɗi azurfa 50,000. Yaron da hannunsa ya kwance gurun, hannun na rawa, muka ƙone shi a cikin tsohon kwanon siminti, warin fata ya cika wurin. Da na tambayi dalilin jinkirin, Baba ya ce wanda aka ƙwace wa laya bai shirya ba, kafin Lahadi zai sayi wata.

Darasin da ya fi yi mini nauyi ya zo ne ta hannun wani dattijon ikilisiya, mutum mai sanin Littafi, wanda ɗansa na fari ya rasu bayan zazzaɓi na kwana biyar. Wani mai kiran kansa annabi ya gaya masa cewa mahaifiyarsa da ke ƙauye ce ta kama kurwar jikan nata. Ya daina aika mata da kuɗin abinci, ya daina ɗaukar wayarta, ya kuma zo yana roƙon mu tsayar da azumi na kwana bakwai a kanta. Na ga ikilisiya ta kusa rabuwa biyu a kan tsohuwar da yawancinsu ba su taɓa gani ba.

Baba bai yi maganar a kan bagade ba. Ya ɗauke ni muka je ɗakin mutumin da dare, muka zauna a kan tabarma, janareton maƙwabta na ta ƙara. Ya tuna masa cewa a Wahayin Yahaya 12:10 an kira Iblis mai ƙarar 'yan'uwa, a Yahaya 8:44 kuma uban ƙarya, sa'an nan ya ce, "Malam, ka dubi abin da ya faru tun da aka gaya maka wannan magana. Ka rasa ɗa, yanzu kana shirin rasa uwa, wadda doka ta biyar cikin Dokoki Goma ta ce ka girmama. Wa ya ci riba?" Ya bi makaman da Bulus ya lissafta a Afisawa 6 ɗaya bayan ɗaya, gaskiya da adalci da bisharar salama da bangaskiya da ceto da Maganar Allah, ya nuna masa cewa tun aya ta 12 an riga an ce kokawarmu ba da nama da jini take ba, tsohuwar kuwa nama ce da jini. Mutumin bai amsa ba, ya sunkuyar da kai kawai, muka yi addu'a muka tafi. A hanya na ce wa Baba ina ganin mun yi aikin banza, shi kuwa bai tanka mini ba.

Wata biyu bayan haka, ana gab da Kirsimeti, dattijon ya tare ni a ƙofar majami'a riƙe da buhun shinkafa rabi da atamfa guda. Ya ji zan tafi gida hutu, ƙauyensu kuma yana kan hanyata bayan Kafanchan. Ya ce in kai wa Mama, in gaya mata zai kira ta ranar Lahadi bayan sujada.