Mutanen da suke ɓacewa a cikin lissafi

Furojet ɗin da na yi a karatun lafiyar al'umma ba irin wanda ake fita gari ana raba takardun tambayoyi ba ne. Zama na yi da kwamfuta na tattaro rahotannin gwajin magunguna da rigakafi da aka wallafa kan gudawa da kwalara da taifot, waɗanda aka yi su a ƙasashen Afirka, ina bin su ɗaya bayan ɗaya da wata takardar tantancewa da ake kira CONSORT. Ita wannan takarda masana da editocin mujallun likitanci ne suka fitar da ita a 1996, aka gyara a 2001, aka sake gyarawa a 2010 ta koma abubuwa 25, kuma a 2025 sun ƙara ta kai 30. Ni da ta 2010 na yi aiki. Ba ta tambayarka ko maganin ya yi aiki ko bai yi ba, abin da take tambaya kawai shi ne ka faɗa mana yadda ka yi, don mu ma mu iya auna maganarka.

Dalilin da ya sa na zaɓi wannan batun kuwa kwalarar 2021 ce. A shekarar ina cikin masu cike jadawalin sunayen marasa lafiya a wata ƙaramar hukuma, suna, shekaru, unguwa, ranar da gudawa ta fara, ruwan da ake sha a gida, ya warke ko ya rasu. A ƙarshen shekara NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, ta ce mutum sama da 111,000 ake zaton sun kamu, sama da 3,600 suka rasu, kuma Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara su kaɗai sun kwashe fiye da rabi. Wato kusan mutum 3 cikin 100 ke nan suka rasu, alhali ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce in ana kula da mutane da kyau bai kamata a kai 1 cikin 100 ba. To amma mu da muka cike takardun mun san wani abu da bai fito a wannan lissafin ba: wanda ya shiga jadawali shi ne wanda ya iso inda muke. Tsohuwar da amai da gudawa ya kama cikin dare, kafin a samo mashin ta cika, aka yi mata sutura da safe, ba ta cikin jadawalin kowa sai in mai unguwa ya faɗa ko mun bi gida gida mun tambaya. Haka wanda aka ƙara wa ruwa a kemis ya miƙe ya koma gona, shi ma babu shi. Tun lokacin in na ga adadi abin da ke fara zuwa raina shi ne su wa aka bari a waje.

Da na fara karanta gwaje-gwajen sai na ga ashe ciwon ɗaya ne. Akwai wani zane da CONSORT ke cewa a saka, mai akwatuna da kibiyoyi, yana nuna mutum nawa aka tantance, nawa aka ɗauka, nawa suka shiga kowane rukuni, nawa suka ɓace a hanya da dalilin ɓacewarsu, nawa aka lissafa a ƙarshe. Wallahi wasu rahotannin sai ka ga a farko an ce an ɗauki yara kaza, ka je teburin sakamako ka tara da kanka ka ga sun ragu, ka koma ka karanta tun daga sama har ƙasa babu inda aka ce ga inda sauran suka tafi. Kuma a cutar gudawa wannan ba ƙaramin abu ba ne, don uwar da ta daina dawowa da ɗanta ko dai yaron ya warke ta ga ba amfanin kashe kuɗin mota, ko kuma jikin ya rikice ta kai shi wani wuri, ko ya rasu, waɗannan ukun ma'anarsu ta sha bamban ga maganin da ake gwadawa, in ka zubar da su duka ka lissafa waɗanda suka zauna kawai to maganin zai fito fes ko da ba haka yake ba.

Wurin da na fi daɗewa shi ne maganar rabon ƙuri'a. Kusan kowa zai rubuta cewa an raba marasa lafiya ta hanyar ƙuri'a, shi ke nan, layi ɗaya. Wa ya haɗa jerin ƙuri'ar? Da kwamfuta ko da hannu? Ina aka ajiye shi? Nas ɗin da ke karɓar yaro a bakin ƙofa ta san rukunin da na gaba zai faɗa? Na taɓa cin karo da wanda ya kira abinsa ƙuri'a amma da na karanta sai na ga bi da bi ake yi, wannan ya samu sabon magani na bayansa ya samu tsoho. Wannan ba ƙuri'a ba ce. Duk wanda ya yi aiki a ɗakin yara ya san zuciya ba ta barinka, in ka yarda sabon maganin ya fi, kuma ka san layin waye na gaba, za ka ɗan jinkirta wani ka gabatar da wani ba tare da ka yi niyyar cuta ba. A 1995 Kenneth Schulz da abokan aikinsa sun duba gwaje-gwaje 250, suka tarar waɗanda ba su ɓoye rabon da kyau ba suna kambama amfanin magani da kusan kashi 40 cikin 100. Shi ya sa ake dagewa kan ambulan mai lamba wanda ba a ganin cikinsa, ko a kira waya wani can daban ya faɗi rukunin.

Malamina ya sa ni da wata abokiyar karatu kowa ya ba da maki shi kaɗai, sannan mu zauna mu gwada, inda muka saɓa mu koma takardar. Na so wannan tsarin sosai. Mafi yawan saɓaninmu a kan abu ɗaya ne, ita tana cewa ai alamu sun nuna sun yi daidai, ni ina cewa ba su rubuta ba. Daga baya muka tsaya a kan abin da ba a rubuta ba sifili ne, ko da marubutan manyan farfesoshi ne. Kar wani ya ɗauka wai matsalar 'yan Afirka ce kawai: Ben Goldacre da tawagarsa a Oxford sun bi gwaje-gwaje 67 a manyan mujallu biyar na duniya daga ƙarshen 2015, guda 9 kacal suka ba da rahoton abin da suka yi alkawarin aunawa ba ragi ba ƙari.

Wannan ne ma ya koya min duba rajista. Tun 2005 manyan mujallu suka ce ba za su karɓi gwajin da ba a yi masa rajista tun farko ba, akwai shafin rajista na ClinicalTrials.gov a Amurka, mu ma a Afirka akwai namu mai suna PACTR. Ka ɗauki lambar rajistar gwajin ka shiga ka ga me suka ce za su auna kafin su fara. In sun ce za su auna tsawon kwanakin gudawa, sai ka ga takardar ta koma murnar raguwar amai, to ka san akwai magana.

Akwai masu kyau fa, kuma wanda ya fi burge ni nan kusa da mu aka yi shi, a Madarounfa ta jihar Maraɗi. Cibiyar bincike ta Epicentre ta ƙungiyar likitocin MSF ta gwada ɗigon rigakafin rotabairos, ƙwayar cutar da ke sa yara gudawa, mai suna Rotasiil, mai jure zafi, aka wallafa a 2017. Sun ba da lissafi kashi biyu: na jarirai sama da 3,500 da suka kammala ɗigo uku yadda aka tsara, kariya daga gudawa mai tsanani kusan kashi 67, sannan na waɗanda aka ɗauka ko sun kammala ko ba su kammala ba, kusan kashi 69. Da ka ga biyun sun yi kusa da juna hankalinka ya kwanta. Ƙauyukan nan irin namu ne, rana iri ɗaya, iyaye mata masu tafiya biki ko ƙaura lokacin rani iri ɗaya, saboda haka uzurin wai a karkara ba a iya bin sawun mutane ni dai na daina karɓarsa.

Ba zan iya wannan maganar ban taɓo Kano ba. A 1996, shekarar da aka fitar da CONSORT ɗin, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada sabon maganinsa Trovan a Asibitin Zana kan yara kimanin 200, rabi Trovan rabi wani maganin da aka saba da shi mai suna ceftriaxone, 11 suka rasu, 5 a rukunin Trovan 6 a ɗaya rukunin. Kamfanin ya ce ya bi ƙa'ida, iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ba ne, daga baya ya fito cewa takardar amincewar kwamitin ɗa'a an mayar da kwanan watanta baya, a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003 wannan labarin na cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi. Har yau in ka shiga gida da takarda da biro kana tambayar wa ya yi gudawa, akwai dattijon da zai ce maka yaro, me za ku yi da sunayen? Ina ganin haƙƙinsa ne ya tambaya, kuma amsar da ta dace da shi ita ce a rubuta komai a fili inda ɗansa mai karatu zai iya dubawa.

Yanzu a wurin aiki in aka samu rahoton mutane sun kwanta bayan walima, ba na tsayawa kan waɗanda suka zo asibiti. Jerin duk waɗanda suka ci nake nema, har da waɗanda lafiyarsu ƙalau, don sai da su za ka iya gwada masu cin shinkafa da masu shan zoɓo ka ga inda ciwon ya fi yawa. Ina tambayar awa nawa tsakanin ci da fara ciwo, amai cikin awa 1 zuwa 6 ya fi kama da dafin Staphylococcus ko Bacillus cereus na shinkafar da ta kwana, Salmonella kuwa daga awa 6 har kwana 6 tana iya kaiwa. A saman rahoton nake rubuta mutum nawa muka nema, nawa muka samu, nawa suka ƙi magana, nawa sun riga sun koma garinsu, da ko an samu ragowar abincin an kai lab ko an riga an wanke tukwane kafin mu iso.